Takalmin Sallah da Kwanson Harsashi

Takalmin fata sau-ciki, ranar da ya baro kasuwa, ba na kowa ba ne. Lamba 42 da aka buga a ƙasansa kintace ne kawai. Kamfani ya duba ƙafafun jama'a, ya ɗauki tsaka-tsaki, ya yanka fata a kai. Ita kuwa ƙafar mutum ba ta san tsaka-tsaki ba. Wani babban yatsansa ya karkace, wani tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake, wani dunduniyarsa siririya ce, kuma da wuya ka sami wanda damarsa da hagunsa suka zo daidai wa daida. Shi ya sa a kwanakin farko takalmin yake cin mutum a dunduniya, ya matse masa ƙaramin yatsa, a wani wurin kuma ya bar fili. Sai an taka shi, gumi da ɗumin jiki da nauyi sun yi aikinsu, sannan fatar ta buɗe inda ake son ta buɗe, ta kwanta inda ake son ta kwanta. Bayan mako biyu ko uku, in ƙaninka mai lamba 42 ya zura ƙafa ciki, cewa zai yi, "Yaya, ai wannan ya riga ya zama naka."

Abin da ke gudana tsakanin fata da ƙafa, shi ke gudana tsakanin kwanson harsashi da cikin bindiga, illa dai aikin da takalmi ke yi a mako uku, tagullar kwanson tana yin shi kafin ƙiftawar ido. Akwai kuma mutanen da suka mayar da wannan ɗan lokaci ilimi sukutum. Su ne masu gasar harbin nesa na Amurka da Kanada da Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu, waɗanda ke kwanciya rub da ciki, ko su zauna gaban teburin siminti, su harbi takarda daga nisan yadi 1,000, wato mita 914. Na san a wajenmu ƙarar bindiga ba wasa take tuna wa mutum ba. Mun binne 'yan'uwa da yawa ta dalilinta, kuma dokar makamai ta Najeriya, tun ta 1959, ba ta yarda mutum ya zauna a gida ya haɗa harsashi ba. A can kuwa wasa ne mai rajista da alƙalai da filaye sanannu, irin su Bisley a Ingila, inda ake gasa tun 1890, da Williamsport a jihar Pennsylvania, inda aka kafa ƙungiyar harbin yadi 1,000 a 1967. Abin da ya ja hankalina gare su shi ne irin tattalin da suke yi wa ɗan abin nan da mafi yawan masu bindiga ke bari a ƙasa su wuce.

Harsashi abu huɗu ne a haɗe. Akwai kan da ke fita ya tafi, dalma ce a lulluɓe da jan ƙarfe. Akwai albarushi. Akwai ɗan ƙyastu a gindi, wanda allurar bindiga ke doka ya ba da tartsatsi. Sai kwanso mai riƙe da su duka, shi ne kuma ke saura bayan an harba. Da tagulla ake yinsa, jan ƙarfe kashi 70, tutiya kashi 30. In ka ɗora shi a tafin hannu za ka ga gindi mai kauri, da jiki da ke ɗan tsukewa yana hawa, da kafaɗa, da wuya inda kan harsashin ke zama. Da gangan aka bar gindin da tauri, wuyan kuma da laushi. Ɗan gasa ba ya yar da kwanso. Tun da ɗuminsa yake tsince shi ya mayar da shi raminsa cikin akwati, ya je gida ya wanke, ya sa sabon ƙyastu, ya auna albarushi, ya ɗora sabon kai. Kwanso mai kyau, irin na kamfanin Lapua da ke Finland ko Norma da ke Suwidin, yakan yi zagaye 10 har ya wuce, in an iya lallaɓa shi.

Da an ja kunama albarushi ya kama, matsin da ke tasowa cikin harsashi irin .308 Winchester yana iya kai fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i. Wannan nauyin sama da tan 4 ke nan a kan santimita ɗaya murabba'i, wurin da bai wuce faɗin farce ba. Tagulla ita kaɗai ba za ta iya da wannan ba. Sai ta kumbura ta manne wa bangon mazaunin harsashi, wato ramin da aka rarake a gindin bututun bindiga, ƙarfen ya tare ta. Wannan mannewar ce ke toshe hanya kada wuta ta dawo fuskar mai harbi. Da matsin ya sauka, tagullar takan ɗan ja jiki, daidai yadda za a iya zaro ta, amma ba ta sake komawa yadda ta fito daga kwali. Ta riga ta kwashe kamannin mazaunin: faɗinsa, tsawonsa, gangaren kafaɗarsa, har ɗan karcin da ƙarfen rarake ya bari a bango yakan fito a jikinta.

Ba sakaci ba ne ya sa kamfani ke yin kwanso da ɗan sako-sako. Hukumar SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, da takwararta CIP ta Turai, sun ƙayyade iyakar girman harsashi da iyakar ƙanƙantar mazauni, domin harsashin da aka yi a wata ƙasa ya shige bindigar da aka ƙera a wata ba tare da gardama ba. Lamba 42 ɗin ke nan. Maharbin barewa daga yadi 150 ba ruwansa da wannan ɗan fili, har ma alheri ne gare shi, domin ko ƙura ta shiga, sakatar da ke kulle harsashi a mazauni za ta rufe.

A yadi 1,000 kuwa zancen ya sha bamban. Harsashin .308 yakan yi sama da daƙiƙa ɗaya da rabi a hanya, ya kuma sauko ƙasa kusan mita 10 kafin ya isa, don haka can sama ake saita shi ya gangaro. A gasar da ake kira F-Class, wadda ta samo asali daga wani mutumin Kanada, George Farquharson, da tsufa ya rage masa gani ya nemi a bar shi ya sa madubin hange da abin ɗora bindiga, da'irar tsakiyar allon inci 5 ce kacal. Harsashi biyu da gudunsu ya bambanta da ƙafa 20 a daƙiƙa, cikin gudun da ya kai ƙafa 2,600, suna iya sauka ɗaya sama ɗaya ƙasa da tazarar da ta kai faɗin da'irar nan gaba ɗaya. Gudun kuwa ba awon albarushi kaɗai ke hukunta shi ba. Har da faɗin cikin da albarushin ya ƙone a ciki. Awo guda a ciki mai faɗi yakan ba da matsi kaɗan, a ciki matsattse ya ba da mai yawa. Saboda haka ɗan gasa yana son kwansonsa 100 su zama kamar an tsaga kara, ciki da waje, kuma kowane ya zauna a mazauni yana fuskantar bututu sak, ba a kwance a ƙasan rami ba. Sabon kwanso ba ya ba da wannan. Wani ɓangare na ƙarfin albarushin yana tafiya wajen buɗa tagullar, shi ya sa sau da yawa gudun harbin farko ba ya zuwa ɗaya da na biyu. Mai hankali ba ya kama doguwar tafiya da takalmin da ya saya jiya, haka ɗan gasa ba ya cakuɗa sabon kwanso da harbabbe a layi guda na akwati.

Amma inda maganar ta fi nauyi shi ne harbin farko, domin a nan ake yanke wa kwanso tsawon kwanansa.

Kowa ya san takalmin Sallah da ake saya wa yaro da ɗan girma don ya kai masa baɗi. Yaro ya taka, ƙafa ta zame gaba, ya ɗaga, ta dawo baya, dunduniya tana fita tana komawa. Takalmin ba ya lanƙwashewa a inda gaɓar yatsu take, sai a wani wuri da baduku bai tanada ba, kuma a nan fatar ke fara karyewa, ɗinki ya saki. Kafin baɗin ta zo ya tashi daga aiki, alhali yawo bai yi yawa ba, zamewa ce ta kashe shi. Uwa mai dabara ba ta jiran haka. Takan dunƙule takarda ko auduga ta cusa a gaba, yadda yatsu za su tokare, dunduniya ta zauna daram a bayanta.

To, dubi sabon kwanso da ya fi mazauninsa gajarta. Allura ta doki ƙyastu, bugun ya tura kwanson gaba har kafaɗarsa ta tokare, sai fili ya buɗe a baya tsakanin gindinsa da fuskar sakata. Albarushi ya kama. Gaban kwanson, da yake shi ne siriri mai laushi, shi ke fara kumbura ya damƙe bango ya ƙi motsi. Gindin kuwa kauri ya hana shi kumbura, don haka matsin sai ya tura shi baya har ya daki sakata. Gaba a riƙe, gindi ya tafi, dole wani wuri ya miƙe, kuma kullum wuri ɗaya ne: ɗan sama da gindi, inda kaurin ya fara raguwa. A nan tagullar ke sirancewa ta ciki, ta yi zobe. Filin da ake magana a kai bai fi kaurin takarda biyu ko uku ba, takarda ɗaya kuwa kusan inci 0.004 ce. Daga waje kwanson zai fito yana sheƙi, cif da mazauni, mai shi yana murna. Amma abin da ya miƙe ba ya dawowa. Ba matsi, ba gashi, ba wanki da zai mayar da tagullar da ta bar wurin. Bayan zagaye kaɗan zoben ya zama tsaga, wata rana gindin ya fito a bakin sakata ya bar jikin maƙale a ciki, wuta mai zafi kuma ta biyo baya. Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin duk wani tsaface-tsaface da ake yi wa kwanso daga baya bai kai kula da harbinsa na farko muhimmanci ba.

Masu sana'ar suna da irin tasu takardar da suke cusawa. Ɗaya ita ce a ɗora kan harsashin da ɗan tsawo, yadda in an rufe sakata zai ciji tsagar da ke murɗe cikin bututu, ya tokare kwanson baya. Wannan yana buƙatar wuya mai riƙo sosai don kada kan ya koma ciki, kuma yana ƙara matsi, don haka sai an rage albarushi bisa abin da littattafan kamfanoni suka tsara. Ɗayar ita ce kafaɗar aro. A buɗa wuyan ya fi asalinsa faɗi, misali daga milimita 6 zuwa 6.5, sannan a sake tsuke shi amma ba duka ba, a bar ɗan tudu zagaye da gindin wuyan. Ana matsar da tudun kaɗan-kaɗan ana gwadawa, har sakata ta riƙa rufewa da ɗan ƙyar. Wannan ɗan ƙyar ɗin da hannu ke ji shi ne shaidar gindi ya zauna. Daga nan in wuta ta tashi, tagullar gaba take buɗewa, a kafaɗa, inda take da laushin yin haka, gindin kuma bai motsa ba.

Wanda sunansa ya fi fita a wannan fanni shi ne Parker Otto Ackley, maƙerin bindiga ɗan Amurka da ya rayu daga 1903 zuwa 1989. Ya koyar da sana'ar a garin Trinidad na jihar Colorado, daga baya ya zauna a Salt Lake City. Ya lura cewa tunda tagulla tana bin duk siffar da aka ba ta, ba dole sai kamfani ya yarda ba kafin mutum ya sami sabon harsashi. Sai ya riƙa ɗaukar sanannun harsasai yana sake rarake musu mazauni, ya miƙar da jiki, ya mayar da kafaɗa digiri 40. Harsashi irin .30-06 kafaɗarsa a zube take, digiri 17 da rabi. Ka sa shi a mazaunin Ackley ka harba, ya fito da kafaɗa a tsaye, ciki ya ƙaru. Hikimar mutumin tana wurin da wuya ya haɗu da kafaɗa. Ya bar wurin inda yake, har ya ɗan gajarta shi da kimanin inci 0.004, domin harsashin kanti ya tokare da kansa ba sai an yi masa wata dabara ba. Ke nan maharbin da kayansa suka ɓace a tafiya zai iya shiga kanti ya sayi na gama-gari ya yi farautarsa. Ƙarin gudun da ake samu ba wani mai yawa ba ne, a .280 Ackley bai wuce kimanin ƙafa 100 a daƙiƙa ba. A ganina babbar ribar ita ce kafaɗa mai tsayuwa tana hana tagulla malalowa gaba, sai kwanso ya rage tsawo, a rage datse masa baki. Wannan .280 ɗin ta yi shekaru tana hannun masu haɗawa a gida kafin kamfanin Nosler ya kai ta SAAMI aka yi mata rajista a 2008.

Biyu daga cikin harsasan da suka fi cin gasa ta wannan hanya aka haife su. A tsakiyar shekarun 1970 wani likita, Louis Palmisano, da maƙeri Ferris Pindell suka ɗauki kwanson .220 Russian, wanda shi ma daga 7.62x39 na Rasha ya fito, suka buɗa shi ya zama 6mm PPC, kuma tun daga lokacin ita ke mulkin gasar teburi ta yadi 100 da 200. A ƙarshen shekarun 1990 kuma Dan Dowling da Al Ashton suka tura kafaɗar harsashin 6mm BR gaba da kusan inci 0.100, suka tsayar da ita digiri 40, aka sami 6 Dasher mai ƙarin ciki kusan kashi 10 cikin 100. Inci 0.100 kaurin takarda 25 ke nan. A nan kwanson asali ba shi da abin tokarewa ko kaɗan, dole sai da kafaɗar aro ko cizon tsaga. Da irin waɗannan kayan aka kai ga tara harsashi 10 a wurin da bai kai inci 3 ba daga yadi 1,000.

Wutar ma sai an san gwargwadonta. In ta yi sanyi, kafaɗa ta fito a dunƙule ba kaifi, baƙin hayaƙi ya zubo a jiki saboda wuyan bai toshe hanya ba, ƙyastu ya ɗan leƙo waje. In ta yi yawa, ramin ƙyastun ya buɗe tun harbin farko, kwanson ya mutu bai yi aikin komai ba. Ko an dace, da wuya harbi ɗaya ya kammala siffar, saboda ja da jikin nan da tagulla ke yi. Sai na biyu, wani lokaci na uku, kafin kusurwoyi su fito tas.

Kuma ba kyauta ake samun wannan ba. Bututun gasa mai milimita 6 sau da yawa ba ya wuce harbi 2,000 zuwa 3,000 kafin wuta ta cinye maƙogwaronsa ya daina tara harsashi wuri guda. Wanda zai gyara kwanso 300 ya ƙone aƙalla ushirin rayuwar bututunsa tun bai je gasa ba, ban da kuɗin kai da ƙyastu. Shi ya sa wasu ke ajiye tsohon bututu da aka rarake da ƙarfe ɗaya da sabon, don wannan aiki kawai. Wasu kuma ba sa ɗora kai sam. Sukan zuba ɗan albarushi mai saurin ci, su cika sauran da garin alkama na kunun safe da Amurkawa ke saye da sunan Cream of Wheat, su toshe baki da 'yar takarda ko kakin zuma, su harba. Garin ya riƙe matsin na ɗan lokaci, kafaɗa ta buɗe, sai dai bututu yana ɗaukar zafi da datti, kuma siffar ba ta cika fitowa duka ba. Akwai masu yi da ruwa: a cika kwanso, a sa shi cikin mazubin ƙarfe, a doki sanda da guduma, ruwan ya tura bango. Yanzu kamfanoni irin Norma da Alpha da Peterson suna sayar da kwanson Dasher a shirye, abin ya sauƙaƙa ƙwarai. Duk da haka shi ma lamba 42 ne na Dasher, sai ya sha wutar bindigar mai shi kafin ya zama nata.

Bayan takalmi ya kwanta wa ƙafa, ba mai kai shi wurin shumeka ya ce a mayar masa da shi yadda yake a kanti. Amma haka mai gaggawa ke yi wa kwanso. Dole ne a ɗan matse harbabben kwanso kafin a sake cika shi, in ba haka ba wata rana sakata za ta ƙi rufewa. Wanda bai auna ba yakan murɗa mazubin matse kwanson har ƙasa, ya tura kafaɗar baya da yawa, ya dawo da filin nan da aka sha wahalar toshewa, a kowane zagaye gindi yana ƙara miƙewa. Ƙwararru suna auna kafaɗar harbabben kwanso, su mayar da ita baya da inci 0.001 zuwa 0.002 kawai, rabin kaurin takarda ko ƙasa da haka.

Ga kuma bushewa. Fatar da ta sha hunturu ba mai takan yi tauri ta tsage a inda take lanƙwashewa. Tagulla ma duk buɗawa da tsukewa tana ƙara mata tauri, har wuyan ya daina riƙe kan harsashi daidai da na ɗan'uwansa, daga baya ya dare. Turawan Ingila sun ga irin wannan a Indiya. Suna ajiye harsasai a bargar dawaki lokacin damina, rani ya yi su tarar wuyan kwansuna ya tsattsage ba wanda ya taɓa su. Sai a 1921 masu bincike, Moore da Beckinsale da Mallinson, suka bayyana dalili: iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki ce ke cin tagullar da aikin matsi ya bari a ɗaure. Maganin da aka samu shi ne wanda ake yi har yau, a gasa wuya da kafaɗa na 'yan daƙiƙoƙi don tagullar ta saki jiki. Wasu da harshen wutar gas suke yi, wasu da na'urar lantarki. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: zafin kada ya gangara gindi. Gindin da ya yi laushi ba zai riƙe tan 4 ɗin nan ba, kuma ba ya gyaruwa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin nan kusan rabin sana'ar ne. Ana fara shi a kan teburi da ma'auni: tsawon kafaɗa, kaurin bangon wuya ta kowane gefe, ko wuyan ya karkace daga jiki. Don sanin faɗin ciki, sukan ɗora kwanso a sikeli ba komai, su cika shi da ruwa har baki da sirinji, su sake aunawa. Kwanson .308 yana ɗaukar ruwa kimanin giram 3.6, na soja kuma da yake bangonsa ya fi kauri yakan ɗauki ƙasa da haka, dalilin da ya sa awon albarushin da ya yi daidai a wani kwanso zai iya yin yawa a wani. Wasu ba sa bin ta ruwa, nauyin kwanson kawai suke aunawa su jera su gida-gida. Ni wannan bai gamsar da ni ba, domin bambancin nauyin yana iya kasancewa a wajen gindi, inda ba ruwansa da faɗin ciki.

Daga nan sai fili. Na'urar auna gudu tana karanta kowane harbi, kuma burin ɗan gasa shi ne matsakaicin kaucewar gudun ya tsaya ƙasa da ƙafa 10 a daƙiƙa. A nan ne na fi ganin mutane suna yaudarar kansu. Mutum ya harba uku suka haɗu wuri guda, ya ɗauki hoto, ya ce ya gano sirri. Uku ba shaida ba ce, sa'a ma tana yin haka. Sai an yi 20, 30, a ranaku daban, da sanyin safe da zafin rana, kafin a ce wannan gyaran ya fi wancan. Takardar allon ma tana magana ga wanda ya iya karatunta. Iska gefe take tura harsashi, kuma kuskuren mil 1 a awa wajen kintacen ƙarfinta yana kai .308 kusan inci 10 gefe a yadi 1,000. Laifin kwanso da albarushi kuwa sama da ƙasa yake fitowa. Wanda ramukansa suka baje hagu da dama ya koma koyon karatun tutocin iska, ba sikeli zai ƙara saya ba. Wanda suka jeru masa a tsaye, shi ne zai koma kan akwatinsa. Abin da na fi girmamawa a wajen na ƙwarai cikinsu shi ne littafi. Kowane akwati da lambar kwalin da ya fito, da bindigar da ya sha wutarta, da sau nawa aka harba shi, da ranar da aka gasa shi. Ana juya su tare, ba wanda ke gaban wani da zagaye ko ɗaya.

Gwaji na ƙarshe ba ya buƙatar na'ura. Bayan an wanke kwansuna, mutum yakan zauna ƙarƙashin fitila da 'yar siririyar waya da ya lanƙwasa bakinta ya wasa. Ya zura ta har ƙasa, ya jawo ta a hankali tana gogar bango. In ta taho sumul, kwanson ya koma akwati. In ta ɗan turje a sama da gindi, kamar ta faɗa kwari, zoben nan ne, ko da daga waje ba a ga komai ba sai wani ɗan layi mai haske. Haka in ya zo sa sabon ƙyastu ya ji ya shige ba turjiya, ramin ya buɗe. Ba a mayar da irin wannan kwanso gefe don a yi shawara. Da filaya ake murƙushe bakinsa nan take, kada wata rana ya koma cikin 'yan'uwansa bisa kuskure. Kuma tunda tare suka sha wuta tun farko, in uku ko huɗu suka nuna alama cikin 100, yawancin masu gasa sukan sallami akwatin gaba ɗaya zuwa wurin masu sayen tsohuwar tagulla, su yi odar sabbi daga kwali mai lamba ɗaya, da yawan da zai ishi bututun har ya gama kwanansa.